Taraktar Malam Sallau da Gadar da Ta Rasa Suna

To, ku gyara zama, na baya su matso. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai. Roƙona ɗaya, kada wanda ya yanke hukunci sai ya ji ƙarshen magana.

A wani gari da ake kira Kwarin Maɗaci, can ƙasar noman masara, an yi wani manomi mai suna Malam Sallau. Dogo ne, mai ƙarfin jiki, mai ƙarfin kai kuma, irin mutanen nan da in sun ce a'a da safe ba sa cewa i da yamma. Shi ne ya fara mallakar tarakta a garin. Tsohuwa ya saya, ja, fentinta duk ya koɗe, amma injinta lafiya lau. A bayanta ake ɗaura garma, a gabanta kuwa tana da hannaye biyu na ƙarfe riƙe da wani ƙaton cokali da ake kwasar taki da ƙasa da buhunan masara. Abin da ke ɗaga hannayen nan silinda biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In direba ya ja liba, inji ya turo mai ta cikin tiyo, man ya cika silinda, sandar ƙarfen da ke cikinta ta miƙe, sai cokali ya tashi sama.

Taraktar nan ta yi wa garin aiki ba kaɗan ba, amma tana da aibi guda wanda kowa ya sani. In aka ɗaga cokali aka saki liba, ba ya tsayawa inda aka bar shi. Sauka yake yi a hankali, ba ka ganin motsinsa, kamar tafiyar inuwar bango. Kafin mutum ya shanye kofin shayi ya sauko taƙi guda, kafin ya gama cin tuwo ya kwanta a ƙasa. Ya taɓa lanƙwasa keken wani mai awo da ya jingine shi a inuwarsa, ya taɓa lotsa gefen motar da ake yi wa lodi. Har abin ya zama karin magana a garin. In mutum ba ya riƙe alkawari, sai ka ji an ce, ai wane riƙon taraktar Sallau gare shi.

Maganar nan tana sukar Malam Sallau, ko da yake bai taɓa nunawa ba. Sau biyu yana kiran makanikai daga birni, sau biyu suna kwance silinda suna canja robobin ciki, su tafi, cokali ya ci gaba da saukarsa. Daga nan ya haƙura. Ya sa aka saro masa gungumen ƙirya, duk inda tarakta za ta je da gungumen take tafiya, in an ɗaga cokali sai a tokare shi. Duk wanda ya yi masa maganar gyara, amsarsa ɗaya ce, wai tsufa ne, shi ma in ya ɗaga hannu ya daɗe sauka yake yi.

Malam Sallau yana da 'ya'ya uku, duk manya, kowa da iyalinsa. Babban shi ne Tukur, shi ke tuƙa taraktar shekara goma sha ɗaya, mutum ne marar yawan magana. Mai bi masa mace ce, Lantana, wadda ta yi karatun injinan noma, take koyarwa a makarantar koyon sana'a a birni inda take aure. Ƙaraminsu Rabe, maƙerin zamani ne, yana da shagon walda da injin sassaƙa ƙarfe a bakin kasuwa. Uwarsu ɗaya, Tabawa, kuma babu wanda ya taɓa jin kansu.

Wata bazara, ana jiran faɗuwar ruwa, Lantana ta zo gida hutu. Tana zaune a ƙofar gida ta ga an ɗaga cokali da taki, an tokare shi da gungume, mutum biyu suna aiki a ƙarƙashinsa. Hankalinta bai kwanta ba. Ta samu mahaifinta ta ce ya ba ta taraktar safiya ɗaya tak ta duba. Malam Sallau ya dube ta, ya ce makanikai biyu masu furfura sun duba sun gaji, ita me za ta gani da ba su gani ba? Ta ce, “Baba, su roba suka canja, amma babu wanda ya tsaya ya tambaya ko robar ce ke da laifi. Ni tambayar kawai zan yi.” Ya ce ta je ta yi wasanta, amma kada ta ɓata masa abin da ya rage.

Washegari ta sa Tukur ya cika cokali da ƙasa ya ɗaga, aka tokare da jak. Ta kwance tiyo daga jikin silinda biyun, ta toshe bakin ƙasa na kowace ɗaya da noti, bakin sama kuwa ta bar shi a buɗe ta ɗaura masa farin tsumma. Ta ce in robar ciki ce ke yoyo, mai zai tsallake ta ya fito ta sama ya jiƙa tsumman, cokali kuma ya sauka. Aka sassauta jak aka janye. Ta ja layi da alli a jikin sandar silinda, kowa ya koma inuwa ya zuba ido. Malam Sallau ya yi kamar ba ya kallo, yana gyaran igiyar shanu, amma idonsa na wurin. Hantsi ya yi, aka kira azahar, cokali yana nan inda yake, tsumma fari tas. Lantana ta ce to, ga amsa nan, silinda ba ta da laifi ko kaɗan. Akwatin da libobi ke kansa, wanda ke raba mai, shi ne cikinsa ya cinye saboda shekaru, mai na sulalewa ta nan ya koma tanki. Sabon akwati irin na wannan tsohuwar tarakta ba a samunsa yanzu, amma akwai magani.

Ta tambayi mahaifinta ko ya san bawul ɗin tayar keke. Ya ce tun kafin a haife ta. Ta ce to, akwai irinsa na mai. Yana barin mai ya shiga silinda, ya hana shi fita, sai an danna masa tsinke. Wanda take so kuwa mai baki uku ne: biyu hanyar mai, na ukun siririn tiyo ne da ke danna tsinken da kansa duk lokacin da direba ya tura liba don saukewa. In ba direba ne ya ce sauka ba, ko akwatin liba ya zama rariya, cokali ba zai motsa ba. Ta zana shi a takarda, ta rubuta ƙarfin da zai iya ɗauka, ta miƙa wa Rabe. Wannan shi ne aikin Lantana.

Rabe ya sa takarda a aljihu ya hau mota. Ya shiga Zariya ya zaga masu kayan tarakta, kowa ya duba zanen sai ya girgiza kai. Wasu suka fito masa da mai baki biyu, suka ce ai duk bawul bawul ne. Ya ƙi karɓa, don yayarsa ta gaya masa in aka sa wannan, cokali zai hau sama ya ƙi saukowa har abada. Ya wuce Kaduna, kwana uku yana yawo cikin tsofaffin ƙarafa, rigarsa ta zama kamar ta mai sayar da gawayi. A rana ta ukun ya ga gawar wata motar ɗaga kaya da aka yasar, ciyawa ta tsiro a cikinta. Ya shiga ƙarƙashinta da sifana, ya tarar da bawul biyu masu baki uku, iri ɗaya, kamar zanen da ke aljihunsa. Ya daidaita da mai wurin, ya kwanto su da hannunsa, ya wanke da kananzir, ya gwada tsinkensu ya ga lafiya suke.

Da ya dawo gida sai wata matsala ta taso. Haƙoran ɗaurin bawul ɗin ba su dace da bakin silindar ba, ƙirar ƙasashe biyu ce daban. Ga hadari ya fara haɗuwa, manoma sun yi layi suna jiran a yi musu huɗa. Malam Sallau ya ce a yanke tiyo a tsakiya kusa da akwatin liba a maƙala su a nan, aikin awa ɗaya ne. Rabe bai taɓa musu da mahaifinsa ba, amma ran nan ya durƙusa ya ce, “Baba, ka yi haƙuri ka ba ni kwana biyu. Tiyo roba ce, roba kuwa tana da ranar mutuwarta. In na sa bawul can nesa, ran da tiyon da ke tsakaninsa da silinda ya fashe, kamar ban sa komai ba.” Malam Sallau ya yi tsaki ya shige gida. Rabe ya koma shagonsa, ya kwana biyu a kan injin sassaƙa, ya ɓata ƙarfe huɗu kafin ya fitar da mahaɗi biyu da suka zauna daram. Ya ɗaure kowane bawul a bakin silinda kai tsaye, ƙarfe da ƙarfe, babu roba a tsakani. Wannan shi ne aikin Rabe.

Aka gwada, cokali ya yini a sama da kaya bai sauko ko faɗin yatsa ba. Mutane suka yi ta barka. Malam Sallau dai abin da ya ce bai wuce “to, madalla” ba, kuma bai sa an sauke gungumen ƙirya daga bayan tarakta ba. A ransa yana ganin gyaran yara ne, za a ga iyakarsa.

Damina ta kankama. A watan takwas aka yi ruwan kwana uku babu ɗaukewa. Akwai rafi tsakanin garin da hanyar kasuwa, an yi masa kwalbati da falalen kankare a sama, kowane falale ya fi bijimai biyu nauyi. Ruwa ya zaizaye gindin kwalbatin, itace da kara suka toshe cikinsa. Da aka samu sararin safiya, dagaci ya sa aka yi shelar gayya, maza suka fito da fartanya da shebur. Malam Sallau, da yake ba ya iya tsayawa kallon aiki, ya naɗe wando ya shiga ƙarƙashin kwalbatin yana jan wani reshe da ya gicciye. Bai sani ba ashe reshen nan ne ke tokare da bangon da ruwa ya ci. Yana fizge shi bangon ya zame, falale ɗaya ya karkato ya rufto.

Allah Ya taƙaita, gefen falalen ya sauka a kan wani dutse, bai daki ƙirjinsa ba. Amma ya danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa cikin laka da duwatsu, ya bar shi kishingiɗe a cikin ruwa. Ƙarti ashirin suka sa itace suka yi ta ɗagawa, itacen ya karye, falale bai san ana yi ba. Malam Sallau yana kwance yana jin sanyin ruwa a ƙugunsa. Ya waiga kudu, ta wajen duwatsun da rafin ke fitowa, ya ga sama ta yi baƙi ƙirin. Ya dubi ruwan da ke bi ta gefensa, ya ga ya fara ja, yana ɗauke da ganye. Shekara sittin yana zaune a bakin rafin nan, ba sai an gaya masa ba, ya san ambaliya na tafe, kuma ba za ta wuce awa guda ba.

Aka ruga aka gaya wa Tukur. Bai yi ihu ba, bai kuma taho a guje da tarakta haka kawai ba. Ya tsaya ya ɗaura babbar garma a baya, ya sa aka ɗora buhunan yashi a kanta, don ya san in gaba ya ɗauki nauyin nan baya babu komai, tarakta za ta ɗaga ƙafafun baya ta kifa a kan uban nasa. Mutane na ta yi masa tsawa wai yana ɓata lokaci, ya ci gaba da aikinsa. Da ya iso bakin rafi ya sauka ya taka gaɓar da ƙafarsa, ya ƙi wurin da kowa ke nuna masa saboda ƙasar ta jiƙe ta yi taushi, ya zaɓi wani gangare mai tsakuwa. Ya gangaro da ita taku taku har cokali ya tsaya daidai saman falalen, ya sa aka danna duwatsu a gaban tayoyi. Aka zura sarƙa ta cikin rodin da ya fito a gefen kankaren, aka ɗaure a jikin hannayen tarakta. A lokacin Rabe ya iso daga kasuwa, Lantana ma, da yake tana gida hutun damina, ta iso da mayafinta a hannu.

Tukur ya taɓa liba kamar mai taɓa ƙwai. Sarƙa ta miƙe, ta yi ƙara, tayoyin gaba suka lotsa. In ya yi gaggawa falale zai yi lilo ya daki kan tsohon, in ya yi sanyi ruwa ya riga shi. Gefen falalen ya rabu da dutse, ya tashi yatsa biyu, ya tashi taƙi. Malam Sallau ya ji nauyin ya ragu, jini ya fara komawa ƙafarsa da wani irin zafi. Amma ƙafar ba ta fito ba, ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, sai an ƙara ɗagawa kaɗan an shiga an haƙa. Tukur ya sake taɓa liba. Sai aka ji wata ƙara kamar ta bindiga. Tsohon tiyon da ke kai mai ya fashe, mai zafi ya yi feshi ya wanke wa Tukur fuska da ƙirji.

Mutanen da ke kusa suka watse. Malam Sallau ya rufe ido ya yi kalmar shahada, yana jiran kankare. Ya jira, ya jira, bai ji komai ba sai ƙarar ruwa. Ya buɗe ido. Falalen yana nan a sama da shi, sarƙa a miƙe, ɗigon mai na sauka a kan ruwa.

Jama'a suka ruɗe, wasu na cewa Tukur ya taka wuta, wasu na cewa ya tura liba gaba, wasu baya. Muryar Lantana ce ta keta ta kowa. Ta ce, “Yaya Tukur, kada ka taɓa liba ko ɗaya. Kashe injin, ka riƙe birki.” Ta san in ya tura ta wajen saukewa cikin ruɗu, shi da kansa zai buɗe bawul ɗin. Tukur ya kashe inji. Idonsa ba ya gani saboda mai, fatarsa na ƙuna, tarakta na kan gangare da nauyi yana janta zuwa rafi, ga sakatar birkinta ba abin dogara ba ce. Ya ɗora ƙafa a kan birki ya danne da dukkan ƙarfinsa, ya riƙe sitiyari, bai ko ɗaga hannu ya share fuska ba.

Saura haƙa, amma babu mai son shiga. Kowa a garin ya tashi da sanin riƙon taraktar Sallau, ga tiyo a fashe a gaban idonsu. Aka kawo gungumen ƙirya a tokare, ya nutse cikin laka, ruwa ya tafi da shi. Rabe ya tuɓe riga, ya karɓi ƙaramar fartanya, ya ce shi ya ɗaura ƙarfen nan da hannunsa, ya san abin da ya ɗaura. Ya sunkuya ya shige ƙarƙashin falalen. Da mutum uku suka ga ya shiga bai mutu ba, suka bi shi.

Ruwa ya kai wa Malam Sallau ƙirji, ya kai wuya. Wani ya tallafe masa kai. Daga inda yake kwance yana hangen sandar silinda tana ƙyalli, da wani ɗan tabon tsatsa a jikinta daidai bakin shiga. Ya kafa wa tabon nan ido. Ya san da a bara ne, da tuni tabon ya shige ciki, da tuni an gama. Ya lissafa a ransa, lokacin shan kofin shayi ya wuce, na biyu ya wuce, na cin tuwo ma ya wuce. Tabo yana nan inda yake. Rabe yana nutsewa yana tasowa, yana fitar da duwatsu da hannu saboda fartanya ba ta aiki a cikin ruwa. Can dutse na ƙarshe ya motsa. Aka kama tsohon ta hammata aka ja, ƙafa ta zaro, aka yi sama da shi. Suna taka gaɓa, ba a yi minti biyar ba, kan ambaliya ya iso da itatuwa da kara, ya shafe wurin da yake kwance.

Kabbara ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, dagaci da kansa yana hawaye. Aka danna wa tarakta manyan duwatsu, aka ɗaure ta da igiya a jikin maɗacin da ke bakin hanya, sannan aka sauko da Tukur, ƙafarsa ta sandare ba ta lanƙwasuwa. Aka kai su asibiti shi da mahaifinsa. Ƙashin ƙafar Malam Sallau ya karye wuri biyu, aka ɗora, ya warke, sai ɗan ɗingishi. Idon Tukur ya buɗe, ƙunar ta bar masa tabo a kunci. Falalen kuwa kwana biyu ya yi a rataye a saman ruwa kafin a samo sabon tiyo a sauke shi, mutanen ƙauyuka suna zuwa kallo a kan babura. Daga ran nan karin maganar garin ta juya. In ana yabon mai amana, shi ake ce wa yana da riƙon taraktar Sallau.

Ran da aka sallamo shi, Malam Sallau ya tara 'ya'yansa a gaban mahaifiyarsu. Mutumin da bai taɓa janye maganarsa ba ya ce, “Ni na ce tsufa ne, ni na ce wasa ne, ni na ce a yanke tiyo a huta. Duk ukun ban yi daidai ba. Ku yafe mini.” Tabawa ta ce shekara arba'in tana jiran ta ji irin wannan daga bakinsa, ashe sai kankare ya danne shi. Aka yi dariya har da shi.

Da kaka ta yi, garin ya haɗa ƙarfi aka rushe tsohon kwalbati aka gina gada sosai, taraktar nan ce ta yi jigilar yashi da dutse. Da aka gama, dagaci ya tara dattawa ya ce gada sai da suna, don masu mota su san inda za su sauke fasinja, kuma sunan da aka sa yau shi jikoki za su tarar. Wani ya ce a kira ta Gadar Sallau. Malam Sallau ya ce, “Ranka ya daɗe, ni me na yi ban da faɗawa ƙarƙashinta? A sa sunan wanda ya cece ni.” Wani ya ce to, a ce Gadar 'Ya'yan Sallau. Dagaci ya ce bakin mutane ba ya ɗaukar dogon suna, kafin shekara za su gutsure shi ya koma Gadar Sallau, kwandasta kuma ba zai tsaya kiran suna uku ba. Suna ɗaya ake so, kuma uban ne zai zaɓa. Aka tambayi 'ya'yan, kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Sai garin ya rabu uku.

Masu goyon bayan Lantana suka ce komai daga kanta ya faro. Shekara da shekaru ana kallon cokalin nan yana sauka, makanikai sun zo sun tafi, maza sun haƙura da gungume. Ita ta gano inda ciwon yake, ita ta san sunan maganin. Ba don ita ba, Rabe bai san abin da zai nema ba, Tukur kuwa da ya ɗaga falalen da ya dawo kan tsohon tun kafin tiyo ya fashe. Kuma a lokacin da kowa ya ruɗe, kalmarta ce ta hana a buɗe bawul da hannu.

Masu goyon bayan Rabe suka ce zane a takarda bai taɓa riƙe kankare ba. Shi ya yi kwana uku cikin tsofaffin ƙarafa, shi ya ƙi karɓar abin da ba shi ba, shi ya jure fushin mahaifinsa ya ƙi hanyar sauƙi. Da ya maƙala bawul ɗin a tsakiyar tiyo yadda aka umarce shi, ilimin Lantana yana nan, ƙwarewar Tukur tana nan, amma ran da robar ta fashe da gawa aka ciro. Kuma shi ne ya fara sa kansa a ƙarƙashin falalen lokacin da kowa ya ja baya.

Masu goyon bayan Tukur suka ce bawul ba ya tuƙa kansa zuwa bakin rafi. Da ya zo babu nauyi a baya, da tarakta ta kifa. Da ya bi wurin da aka nuna masa, da gaɓa ta rufta. Da hannunsa ya yi rawa, da falale ya yi lilo. Da ya yi tsalle ya sauka lokacin da mai zafi ya watso masa, kamar yadda kowane ɗan'adam zai yi, da tarakta ta gangara da bawul ɗinta da sarƙarta da komai ta haɗa da uban da ƙanen. Su biyun sun ba da sani da wahala, shi kuwa har yau tabon yana fuskarsa.

Malam Sallau ya saurari kowane ɓangare. In ya ji na farko sai ya ce gaskiya ne, in ya ji na biyu ya ce wannan ma haka yake, in na uku suka gama ya ce su ma ba su yi ƙarya ba. Mai fenti ya zo da allonsa da gwangwaninsa, ya rubuta “Gadar”, ya tsaya da buroshi a hannu yana kallon bakin tsohon.

To, jama'a, ga ku ga shi. Wadda ta gano ciwo ta faɗi magani, da wanda ya nemo maganin ya ɗaura shi inda ya dace, da wanda ya ɗaga ya riƙe yana ƙonewa. Da kai ne Malam Sallau, sunan wa za ka ce a rubuta a allon nan?